Sabon Lauya a Ƙaramin Ofis

Yawancin ɗalibai sun san lauya ne ta talabijin ko fim. Sukan ga mutum sanye da baƙar riga da farar hular gashi, yana tsaye a gaban alƙali, yana yi wa shaida tambayoyi. Lallai lauya yana yin haka, amma wannan ɗan kaɗan ne daga cikin aikinsa. Mafi yawan lokacinsa a ofis yake ƙarewa, wajen karatu da rubutu da sauraron mutane. A wannan darasi za mu bi sawun matashin da ya gama karatun lauya, ya kama aiki a ƙaramin ofis. Za mu ga abin da yake yi, da abin da yake koyo, da kuma irin nauyin da ke kansa.

Hanyar zama lauya

Mutumin farko ɗan Najeriya da ya zama lauya shi ne Christopher Sapara Williams, wanda aka rantsar a Ingila a shekarar 1879. Daga lokacin har zuwa samun 'yancin kai a 1960, yawancin masu son wannan sana'a sukan tafi ƙasar waje, musamman Ingila. A 1962 aka yi dokar da ta kafa Makarantar Horar da Lauyoyi ta Najeriya. Makarantar ta fara aiki a Legas a 1963 da ɗalibai takwas kacal. A yau hedikwatarta tana Bwari, kusa da Abuja, kuma tana da rassa a Legas, da Enugu, da Bagauda ta jihar Kano, da Yola, da Yenagoa, da Fatakwal.

Ɗalibin da yake son zama lauya yana bin matakai uku. Da farko yakan yi shekara biyar a jami'a, ya sami digirin shari'a. A nan yake koyon tushen dokoki, kamar dokar tsarin mulki, da dokar laifuffuka, da dokar yarjejeniya, da dokar filaye, da dokar shaida. Bayan haka sai ya shiga Makarantar Horar da Lauyoyi, ya yi kimanin shekara ɗaya. A can ake koya masa yadda ake gudanar da aikin kansa: yadda ake shigar da ƙara, da yadda ake kare wanda ake tuhuma, da yadda ake rubuta takardun ciniki, da yadda ake yi wa kamfani rajista, da kuma ladubban sana'ar. A cikin wannan shekara akan tura shi kotu na 'yan makonni, sannan ofishin lauyoyi na wasu makonni, domin gani ya kori ji.

Mataki na uku shi ne rantsuwa. Idan ya ci jarrabawar ƙarshe, kuma aka tabbatar da kyawun halinsa, sai majalisar manyan alƙalai da manyan lauyoyi ta karɓe shi cikin sana'ar. Daga nan sai a rubuta sunansa a rajistar lauyoyi da ke Kotun Ƙoli. Wannan rajista tana da muhimmanci ƙwarai, kamar yadda za mu gani nan gaba. A Ingila an raba lauyoyi kashi biyu, masu tsayawa a manyan kotuna da masu aikin ofis. A Najeriya kuwa lauya ɗaya yana da ikon yin duka biyun.

Wane ne ke cikin ƙaramin ofis?

Bayan rantsuwa, yawancin sababbin lauyoyi sukan tafi yi wa ƙasa hidima na shekara ɗaya. Wasunsu tun a lokacin ake tura su ofishin lauyoyi. Idan sun gama, kowa sai ya nemi inda zai zauna. Wasu sukan shiga Ma'aikatar Shari'a, wasu bankuna da kamfanoni, wasu kuma manyan ofisoshi na Legas da Abuja da Fatakwal, inda akan sami lauyoyi da yawa a wuri ɗaya. Amma guraben waɗannan wurare ba su da yawa. Saboda haka da yawa daga cikinsu a ƙananan ofisoshi suke farawa.

Ƙaramin ofis yakan kasance ɗaki biyu ko uku a saman bene, sau da yawa kusa da kotu ko kasuwa. A ciki akwai maigidan ofis, wato lauyan da ya kafa wurin, wanda sunansa ke jikin allon da ke waje. Akwai ƙananan lauyoyi, wataƙila ɗaya ko biyu ko uku. Akwai sakatare mai buga takardu a kwamfuta. Akwai kuma akawu, wanda ke kai takardu kotu, ya biya kuɗin rajista, ya karɓo rasit. Sabon lauya mai hankali ba ya raina akawu. Sau da yawa akawun ya yi shekaru yana zirga-zirga a kotuna, ya san wane ofis ake shiga da farko, da wane hatimi ake bugawa, da kwafi nawa ake bukata. Waɗannan abubuwa ba a cika samun su a littafi ba. Hausawa sun ce matambayi ba ya ɓata.

A babban ofis akan raba lauyoyi sashe-sashe. Wani aikinsa haraji kawai, wani harkar man fetur, wani harkar banki. A ƙaramin ofis babu wannan rabo. Duk abin da ya shigo ta ƙofa, shi ne aikin ranar. Da safe za a iya zuwa da maganar mai gida da ɗan haya, da rana maganar gado, da yamma kuma wani ya shigo a guje, ya ce 'yan sanda sun kama ƙanensa. Wannan ne ya sa wanda ya fara a ƙaramin ofis yakan taɓa ayyuka iri-iri cikin ɗan lokaci.

Aikin yau da kullum

Aikin farko da akan ba sabon lauya shi ne bincike. Maigidan ofis zai miƙa masa fayil, ya ce ya nemo abin da doka ta ce game da matsalar. Ba dokokin da majalisa ta yi kaɗai zai duba ba. Dole ne ya karanta hukunce-hukuncen da manyan kotuna suka yanke a baya, domin a tsarin shari'ar Najeriya hukuncin Kotun Ƙoli yana ɗaure duk kotunan da ke ƙasa da ita. Akan buga waɗannan hukunce-hukunce a littattafai na musamman. Shahararre daga cikinsu shi ne wanda marigayi Gani Fawehinmi ya kafa, mai fitowa mako-mako. Yanzu ana samun irinsu a intanet. Abin da ake bukata wajen mai bincike shi ne ya tabbatar cewa wata kotu ta gaba ba ta soke hukuncin da ya dogara da shi ba.

Aiki na biyu shi ne rubutu. Sabon lauya yakan rubuta wasiƙu, da takardun rantsuwa, da takardun neman beli, da yarjejeniyar haya, da wasiyya. A ranakun farko, idan ya kai wa maigidan ofis abin da ya rubuta, takardar takan dawo cike da gyara da jan biro. Wannan ba abin fushi ba ne. Kalma ɗaya a yarjejeniya tana iya canza ma'anarta gaba ɗaya, kuma wanda zai yi asara shi ne mutumin da ya amince da lauyan.

Aiki na uku shi ne zuwa ofisoshin gwamnati. A ɗauka wani ɗan kasuwa yana son sayen fili. Kafin ya biya ko kwabo, lauya zai je ma'aikatar filaye ya duba rajista. Zai bincika ko mai sayarwa shi ne ainihin mai filin, ko an jinginar da filin a banki, ko kuma ana shari'a a kansa. Bayan an yi ciniki, sai ya nemi amincewar gwamna, domin Dokar Amfani da Filaye ta 1978 ta tanadi haka ga filayen da ke ƙarƙashin takardar izinin gwamna. Idan kuma kamfani ake son kafawa, lauya zai yi masa rajista a Hukumar Rajistar Kamfanoni.

Aiki na huɗu shi ne sauraro. Mutumin da ya zo wurin lauya yakan zo ne cikin damuwa. Yakan fara labari daga tsakiya, ya koma farko, ya haɗa abin da ya gani da abin da aka gaya masa. Aikin lauya ne ya yi haƙuri, ya bar shi ya gama, sannan ya yi masa tambayoyi: yaushe abin ya faru? Wa yake wurin? Akwai takarda? Akwai rasit? Da haka yake raba abin da kotu za ta karɓa da abin da ba za ta karɓa ba.

Ranar farko a gaban alƙali

Manyan kotuna sukan fara zama da ƙarfe tara na safe. Sabon lauya yakan isa da wuri, ya duba jerin shari'un ranar, ya rubuta sunansa a gefen tasa. A watannin farko yakan zauna ne kusa da maigidansa, yana rubuta duk abin da aka faɗa. Amma wata rana maigidan zai kasance yana da shari'a biyu a kotuna daban-daban a lokaci ɗaya. Sai ya ce wa ƙaramin lauya ya je ɗaya daga ciki ya tsaya a madadinsa.

Kotu wuri ne na tsari da girmama na gaba. Lauyoyin da ke da muƙamin Babban Lauyan Najeriya su ke zama a sahun gaba, kuma akan fara kiran shari'unsu. Sauran lauyoyi suna bi gwargwadon shekarar da aka rantsar da kowa. Saboda haka sabon lauya yana iya jiran awa uku kafin a zo kansa. Wannan jira makaranta ce. Yana zaune yana ganin yadda manya suke gabatar da bukata, da yadda suke amsa tambayar alƙali, da yadda suke yin saɓani ba tare da ɗaga murya ba. Idan aka kira shari'arsa, sai ya miƙe, ya rusuna, ya faɗi sunansa da sunan wanda yake wakilta. Mai yiwuwa ne ɗage shari'a kawai aka aiko shi ya nema. Duk da haka, wajibi ne ya karanta fayil ɗin tun daga farko har ƙarshe, domin alƙali yana iya ƙin ɗagewa, ya ce a ci gaba.

Kuskure mai tsada

A sana'o'i da yawa, idan mutum ya yi kuskure yakan gyara washegari. A aikin lauya akwai kurakuran da gyaransu ke da wuya, akwai ma waɗanda ba su gyaruwa. Mafi yawansu sun shafi lokaci. Alal misali, wanda bai gamsu da hukuncin ƙarshe na babbar kotu ba a shari'ar da ba ta laifi ba, yana da wata uku ya ɗaukaka ƙara. Idan hukuncin na tsakiyar shari'a ne, kwana 14 kawai yake da su. Wanda ya makara sai ya roƙi kotu ta ƙara masa lokaci, ya kuma kawo dalili mai ƙarfi. A ƙarar zaɓe abin ya fi tsanani. Kundin Tsarin Mulki ya ba da kwana 21 daga ranar da aka bayyana sakamako, kuma kotu ba ta da ikon ƙara ko kwana ɗaya. Wannan ne ya sa littafin da ake rubuta ranakun shari'a yake da daraja a kowane ofishin lauyoyi.

Sa hannu ma yana da nasa haɗari. A 2007, a shari'ar Okafor da Nweke, an kai wa Kotun Ƙoli takardu waɗanda aka sa wa hannu da sunan ofishin lauyoyi. Kotun ta yi watsi da su. Ta ce mutumin da sunansa ke cikin rajistar lauyoyi shi kaɗai ne yake da ikon sa hannu a takardar kotu, kuma ofis ba ya cikin wannan rajista. Bayan wannan hukunci, shari'u da dama sun rushe saboda irin wannan kuskure, wasu bayan an yi shekaru ana fafatawa. Haka kuma, lauya yana biyan kuɗin izinin aiki kowace shekara kafin ƙarshen watan Maris, kuma yana manna hatimin Ƙungiyar Lauyoyi ta Najeriya a takardun da ya shirya.

Amana

Akwai ƙa'idojin ɗa'a da suka ɗaure kowane lauya, babba da ƙarami. Ga kaɗan daga ciki. Lauya ba ya tona asirin wanda yake yi wa aiki. Ba ya wakiltar ɓangarori biyu masu jayayya da juna a magana ɗaya. Ba ya yaudarar kotu, ko da gaskiyar za ta cutar da shari'arsa. Ba ya bin mutane a harabar kotu ko ofishin 'yan sanda yana roƙon su ba shi aiki. Ba ya tsaya wa wanda yake karewa a matsayin mai karɓar beli.

Babbar jarrabawa ita ce ta kuɗi. Sau da yawa kuɗin mutane yakan bi ta hannun lauya, kamar kuɗin haya da ya karɓo, ko kuɗin fili, ko diyyar da kotu ta ba da. Doka ta ce a ajiye irin wannan kuɗi a asusu na dabam, kada a gauraya shi da na lauyan. Matashin da aljihunsa ya bushe yana iya cewa a ransa: bari in ara, in mayar ƙarshen wata. Ta wannan ƙofa lauyoyi da dama suka halaka. Akwai kwamitin ladabtar da lauyoyi, wanda ke da ikon yi wa lauya gargaɗi, ko dakatar da shi, ko ba da umarni a goge sunansa daga rajista. Wanda aka goge sunansa ya yi asarar wahalar shekara shida.

Ɗalibai sukan yi tambaya: don me lauya zai kare wanda ake zargi da mummunan laifi? Amsar tana sashe na 36 na Kundin Tsarin Mulki na 1999. Sashen ya ce duk wanda ake tuhuma, ana ɗaukarsa marar laifi har sai an tabbatar da laifinsa, kuma yana da 'yancin kare kansa da kansa ko ta bakin lauyan da ya zaɓa. Yanke hukunci aikin alƙali ne. Aikin lauya shi ne ya tabbatar an saurari mutumin yadda ya kamata.

Wahalar farko

Albashin sabon lauya a ƙaramin ofis yakan yi ƙaranci. Wani lokaci da ƙyar yake isar kuɗin mota da abinci. Ga shi kuma dole ya sayi baƙar kwat da farar riga da takalmi, ya fito tsaf kullum. Iyayen da suka sha wahalar biyan kuɗin makaranta suna sa ran samun taimako, 'yan unguwa kuma suna ganin ya riga ya yi arziki. Bayan haka akwai yawan aiki har dare, da ɗage shari'a bayan an yi doguwar tafiya.

Saboda haka wasu sukan yi gaggawar buɗe nasu ofis. Doka ba ta hana su ba. Amma wanda ya buɗe ofis kafin ya ƙware, da shari'ar mutane zai yi koyo, kuma babu mai duba takardarsa kafin ta isa kotu. Ya fi kyau matashi ya natsu wajen zaɓen ofishin da zai fara. Ya bincika ko maigidan mutumin kirki ne, ko yana koyar da na ƙasa da shi, ko yana zuwa kotu da su, ko kuma yana biyan abin da ya yi alkawari. Ya kamata kuma a yi maganar albashi da sauran sharuɗɗa a fili tun ranar farko, a rubuta su. Mai rubuta wa wasu yarjejeniya bai kamata ya manta da tasa ba.

Amfanin jin Hausa

Turanci ne harshen manyan kotunan Najeriya, amma mutane da yawa da ke zuwa wurin lauya ba su jin sa sosai. Sashe na 36 ya ce a sanar da wanda ake tuhuma laifinsa cikin harshen da yake ji, a kuma ba shi tafinta kyauta idan bai fahimci harshen kotu ba. Lauyan da ke jin harshen wanda yake karewa yana iya gane lokacin da tafinta ya yi kuskure, ya ja hankalin alƙali nan take.

Ɗalibin da ke koyon Hausa a yau yana iya samun kansa yana yi wa ƙasa hidima a Kano ko Sakkwato ko Bauchi. Ko bai bar Kudu ba, akwai Hausawa 'yan kasuwa a Sabo ta Ibadan, da Agege da Idi-Araba a Legas, da sauran manyan garuruwa. Suna hayar shaguna, suna sayen filaye, suna ƙulla ciniki, kuma suna bukatar lauya. Dattijon da ya shigo ofis aka ce masa, "Sannu da zuwa, Baba, me ke tafe da kai?" zai saki jiki ya faɗi damuwarsa dalla-dalla.

Abin da ke gaba

Lauya yana bukatar aƙalla shekara 10 a sana'ar kafin ya cancanci zama alƙalin babbar kotu, shekara 12 kafin Kotun Ɗaukaka Ƙara, shekara 15 kuma kafin Kotun Ƙoli. Muƙamin Babban Lauyan Najeriya ma sai bayan shekara 10 ake neman sa. An fara ba da shi a 1975, ga Cif Rotimi Williams da Dokta Nabo Graham-Douglas. A 1981 Folake Solanke ta zama mace ta farko da ta same shi. A 2012 kuma Mai Shari'a Aloma Mariam Mukhtar ta zama mace ta farko da ta riƙe muƙamin Babban Jojin Najeriya. Dukansu sun taɓa zama sababbin lauyoyi, waɗanda aka gyara wa rubutu, suka jira manya su gama kafin a kira su. Sannu ba ta hana zuwa. Ɗalibin da ke sha'awar wannan sana'a yana iya fara shiri tun yanzu, ta hanyar yawan karatu, da gyara rubutunsa, da shiga muhawara a makaranta, da riƙon amana a ƙananan abubuwa.

Ma'anar wasu kalmomi

Tuhuma: zargin mutum da aikata laifi a gaban hukuma.
Beli: sakin wanda ake tuhuma bisa sharaɗin zai dawo kotu.
Ɗaukaka ƙara: kai kuka kotu ta gaba idan ba a gamsu da hukunci ba.
Jingina: ba da kadara a matsayin abin dogaro idan an ci bashi.
Wasiyya: bayanin da mutum ya bari game da dukiyarsa bayan rasuwarsa.
Tafinta: mai fassara magana daga wani harshe zuwa wani.
Diyya: abin da ake biyan wanda aka yi wa ɓarna ko rauni.

Tambayoyi

1. Bayyana matakai uku da ɗalibi yake bi kafin ya zama lauya a Najeriya.
2. Mene ne bambancin aiki a babban ofis da aiki a ƙaramin ofis?
3. Don me bai kamata sabon lauya ya raina akawu ba?
4. Wane hukunci Kotun Ƙoli ta yanke a shari'ar Okafor da Nweke?
5. Kawo ƙa'idojin ɗa'a huɗu da suka ɗaure lauya.
6. Ta yaya jin Hausa zai taimaki lauyan da ke aiki a garinku?
7. Yi amfani da waɗannan kalmomi a cikin jimla: shaida, hatimi, rantsuwa, amana, yarjejeniya.